Masu Kwalba

Ranar Laraba na raka wani ɗalibina wani ƙauye a bayan Kura. Aikinsa na ƙarshe yake yi kafin ya zama ƙwararren likitan iyali, a kan tsargiya, ciwon fitsarin jini da wata tsutsa ke kawowa. Ya jera 'yan firamare a gindin darbejiya, kowa da 'yar kwalbarsa, ya karɓi fitsarin tsakanin hantsi da azahar, lokacin da ƙwan tsutsar ya fi fita. Aiki tsaf, ba abin kushewa. Da muka shiga mota na ce, "Yaushe za ka dawo musu da sakamako?" Ya ce, "Malam, ai ba ya cikin kasafin." Ko ɗago kai daga waya bai yi ba.

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai bakin ya yi nauyi. Ni ma haka na yi.

Farkon shekarun 1990 ne, ina ƙaramin malami, yunwar muƙala ta ishe ni. Ruwan Tiga, dam ɗin da aka gama a 1974, ya kawo wa yankin shinkafa da alkama da tumatir, ya kuma tara katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya a magudanan rani. Yaro ya shiga wanka, tsutsar ta huda fata, bayan wani lokaci ya fara fitsarin jini. Iyaye da yawa ma alamar balaga suke ɗaukarsa. Na je wani gari a yankin, mai gari ya shimfiɗa min tabarma, aka dama min fura, aka ba ni yaran gari. Na ƙirga ƙwai a madubin likita har idona ya yi ja. Muƙala ta fito, aka ƙara min girma. Ban koma ba.

Ina da hujja, kuma har yau ban yar da ita duka ba. Praziquantel, maganin tsargiya, a lokacin da tsada, ba kamar yanzu da ake raba shi kyauta a makarantu ana auna tsawon yaro da sanda ba. Albashina ba ya kai wata. Kuma aikin mai nazarin yaɗuwar cuta shi ne ƙirga, magani na gwamnati ne. Ba don irin ƙidayarmu ba, wa zai san inda za a kai ƙwayar? Haka nake faɗa wa kaina. Amma kuɗin mota zuwa Kura nawa ne? Ko ba ƙwaya, ai zan iya zama da iyayen in ce jinin nan ciwo ne, yana cin mafitsara a hankali. Wannan ba ya buƙatar kasafi.

A 2003, da aka ƙi rigakafin shan inna a Kano, ina cikin masu zagayen lallashi. Ƙaddara ta mai da ni garin. Wani dattijo ya ƙura min ido ya ce, "Ranka ya daɗe, ba kai ne mai kwalba ba? Me aka gani a fitsarin 'ya'yanmu?" A ofis muna cewa jahilci ne ya hana su karɓar ɗigon. Ranar ban iya furta kalmar ba.

Na yi niyyar jero muku shawarwari goma, 'ya'yana matasan likitoci, biyu ne suka rage. Kada ka karɓi jini ko fitsarin mutum sai ka san ranar da za ka dawo, ka faɗa wa mai gari ranar a gaban jama'a, don kunya ta kama ka. Ta biyu, bar gaggawar muƙala, ka zauna a asibitin ƙauye har ka san gida-gida, ka san wace uwa ce ke ɓoye zazzaɓin ɗanta saboda tsoron uwar miji. Ko da yake, gaskiya, kada ka daɗe. Wanda bai rubuta ba, ba mai jin maganarsa a Abuja, kuma na ga abokai nagari sun tsufa a haka. Ku dai san yadda za ku haɗa, ni ban iya ba.

Abin da ke ƙona min rai, ku kuna da babur da waya da intanet, sakamakon da nake wata ina haɗawa ku a dare ɗaya ne, amma hankalinku na kan jarrabawar Ingila da kwangilar Saudiyya.

A hanyarmu ta komawa Kano, a gidan mai na zaro kuɗi na miƙa wa ɗalibin na ce na man dawowa ne. Ya ce, "To, Malam." Na sa direba ya rubuta ranar.