Bijimi ɗaya, 'ya'ya dubbai

Da an ambaci ɗura maniyyi a mahaifa ba tare da saduwa ba, sai ka ga mutane sun zaro ido, wai sabon abu ya zo. Alhali tun a shekarun 1780 wani limamin coci ɗan Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya gwada a kan wata karya, ta kuwa haifi 'yan kwikwiyo uku.

A wajen mutane aikin ba shi da wani sarƙaƙiya. Likita zai wanke maniyyin miji, ya ware masu kuzari, ya zura su cikin mahaifa ta siririn bututu daidai lokacin da ƙwai ke fitowa. Haɗuwar a cikin jikin matar take faruwa, yadda aka saba. Wannan daban yake da wanda ake haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, hanyar da aka samu jaririyar farko, Louise Brown, a Ingila a 1978. Kuma sau da yawa ɗurar maniyyin ba ta kamawa a karon farko, sai an maimaita.

Ni dai ɓangaren shanu ya fi ɗaukar hankalina. A 1949 Christopher Polge da abokan aikinsa suka gano cewa wani sinadari, gilisirin, yana hana maniyyi mutuwa idan an daskarar da shi. Daga nan komai ya sauya. Yau ana ajiye shi cikin 'yan tsinkayen roba a ruwan nitirojin, sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, har bijimi ya mutu da shekaru ana ci gaba da haifar 'ya'yansa. Wahalar tana wajen lokaci. Saniya takan nemi barbara kusan duk bayan kwana 21, abin kuma bai cika kai yini da kwana ba. Shi ya sa masu kiwo ke da ƙa'ida: wadda ta nuna alama da safe a ɗura mata da yamma, ta yamma kuma sai washegari da safe. Mai garken da ba ya sa ido, asarar kuɗinsa kawai zai yi.

Abin da ke damuna shi ne kowa bijimin da ya yi suna yake so. Kusan duk bijiman Holstein (wani irin shanun madara) na Amurka, idan aka bi salsalarsu ta wajen uba, ga bijimai biyu kacal suke komawa. Ɗaya daga cikinsu, Chief, an haife shi a 1962, 'ya'yansa mata sun kai 16,000, madara kuwa ba a magana. Sai daga baya masana suka gano yana ɗauke da wata tawaya a ƙwayar halitta, wadda ke sa saniya ɓari idan ɗan tayin ya gaje ta daga uwa da uba. An ƙiyasta ta jawo ɓari kusan rabin miliyan a duniya. Yanzu sai an gwada ƙwayoyin halittar bijimi kafin a zaɓa masa saniya.