Ranar da Faransawa ke wanke kaburbura

Ranar 1 ga Nuwamba ta riske ni a Paris, gari ya yi tsit, bankuna da ofisoshi duk a garƙame. Hutun Toussaint ne, ranar da mabiya ɗariƙar Katolika ke tunawa da waliyyansu. A ƙa'idar coci washegari ce ranar yi wa mamata addu'a, amma da yake ran 1 ga wata ake hutu, sai jama'a suka haɗe biyun, kowa ya nufi maƙabarta.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya sauke ni a tashar Gambetta, na taka zuwa maƙabartar Père Lachaise, wadda aka buɗe a 1804. Faɗinta hekta 44 ne, da tituna masu suna, har taswira ake dubawa don kada a ɓata. Tun daga bakin ƙofa masu sayar da furanni sun baje tukwanen chrysanthème, rawaya da fari da ja. Shi ne furen da ke jure sanyin wannan lokaci. Kada ka kuskura ka kai shi tsaraba gidan Bafaranshe, a wurinsu furen kabari ne.

Ban ga mai kuka ba, aiki kawai ake yi. Wata tsohuwa ta durƙusa a kan guntun kwali, buroshi a hannu, tana kankare gansakukar da ta cike haruffan sunan mijinta, jikanta yana ɗebo mata ruwa a famfo. Na ce, "Sannu da aiki, Mama." Ta ɗago, ta nuna mini kabarin da ke kusa, tana nuni da haɓarta, ta ce shi wannan ba shi da kowa.

Dutsensa ya tsage, ga wani ɗan allo da hukuma ta kafa tana neman dangin mamacin. Ashe kabari ma haya ake yi a nan, na shekara 10, ko 30, ko 50. In wa'adi ya cika, aka yi shekara 2 ba a sabunta ba, hukumar birni na iya karɓe filin, ta kwashe ƙasusuwan zuwa ma'ajiya, ta bai wa wasu. Ko wanda aka saya na dindindin bai tsira ba in aka yi watsi da shi. A wannan mako da dangi ke zuwa ne ake fatan wani zai ga allon.

Gaskiya abin ya tsaya mini a rai. A ce sai da rasit mutum zai ci gaba da kwanciya a makwancinsa! Tsohuwar kuwa ko a jikinta, ta ce nasu na shekara 50 ne, kuma ta riga ta nuna wa 'yarta inda ta adana takardar.