Yadda Kiɗa Ke Sauya Ma'anar Hoto

Na daɗe ina mamakin yadda sauti ke sauya abin da ido ya gani. Idan aka nuna zanen fuskar yaro tare da kiɗa mai sanyi, mai kallo zai ga kewa a idanunsa, amma da zarar an sa kiɗa mai sauri, sai fuskar ta koma ta mai zumuɗi. Tun kafin 1927, lokacin da fina-finai ba su da magana, ana kaɗa piyano a gidajen sinima saboda wannan dalili. Abin da ke damuna da wasu bidiyoyin koyar da yara shi ne yawan kiɗa, har yaro ya haddace waƙar ya manta da darasin da aka zana masa.