Tabo a Gefen Huhu: Wasiƙa Zuwa Gida

Assalamu alaikum 'yan'uwa,

Ina gaishe ku daga nan inda nake aiki a sashen cututtukan huhu. Wani saƙo ne ke ta zuwa min daga gida, kusan iri ɗaya: an ɗauki hoton ƙirji, an ga tabo, gwajin kaki bai nuna komai ba, amma aka ce a fara maganin tarin fuka. Wata shida ana haɗiyar ƙwayoyi, mutum sai ramewa yake yi. Abin yana ci min rai.

Likitan da ya fara zargin tarin fuka bai yi laifi ba, domin cutar ta yi yawa. Sai dai tabo a gefen huhu yana iya zama kansa, wato ciwon daji, ko da a jikin wanda bai taɓa shan taba ba. Nau'in da ake kira adenokasinoma ma can gefe ya fi fitowa. Hoto kaɗai ba ya raba gardama, sai an tsakuro ɗan nama an duba.

Isa wajen ne aiki. Hanyoyin iska rassa suke yi kamar bishiya, kowane reshe ya fi na baya ƙunci. Na'urar leƙa huhu mai lanƙwasa, wadda likitan Japan Shigeto Ikeda ya ƙirƙiro a 1966, takan tsaya inda hanya ta tsuke, tabon kuwa yana can gaba.

To, yanzu akwai wata 'yar waya, kaurinta wajen milimita 1.4, da muke zurawa ta cikin na'urar. A bakinta akwai abin sikanin, irin wanda ake duba masu juna biyu da shi, yana juyawa yana nuna kewayensa. Lafiyayyen huhu a allo kamar talabijin ne da ya rasa tasha, fari-fari yana yayyafi. Kana ci gaba da turawa a hankali, kwatsam sai yayyafin ya ɗauke, wani dunƙule mai toka-toka ya bayyana. Idan ya zagaye wayar ta ko'ina, mun shiga tsakiyarsa. A nan ne nake jin ɗakin ya yi tsit. Idan kuwa ta gefe ɗaya ya fito, sa'ar samun amsa takan ragu. Sai a zare wayar, a bar siririn kubenta a wurin, a bi ta cikinsa da ɗan hantsaki a gutsuro naman. Likita Noriaki Kurimoto da abokan aikinsa ne suka wallafa dabarar kuben a 2004.

Ba kullum ake dacewa ba. Kusan bakwai cikin goma ne ake samun amsa, shi ya sa sakamakon da ya ce "ba a ga komai ba" ba ya rufe magana. Allurar da ake sokawa ta bangon ƙirji ta fi wannan dabarar samun amsa, amma ta fi yawan sa iska ta zubo huhu ya lotse. Ta hanyar 'yar wayar kuwa, abin bai cika wuce mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Naman da aka ciro, da shi za a gwada ciwon dajin, a kuma gwada tarin fukan.

Roƙona gare ku: kada kowa ya daina magani da kansa. Amma idan an yi wata biyu ana sha babu sauƙi, ku koma da hotunan duka, tsoho da sabo, ku ce, "Likita, ko za a tura mu inda za a ɗebi nama a duba?"

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Ɗan'uwanku a ƙasar waje