Kwarin Iya, Inda Gangara Ke Zaɓa Wa Mutane Abin da Za Su Ci

Duk wanda ka tambaya abincin Japan, shinkafa zai fara ce maka. To, akwai wani lungu a tsakiyar tsibirin Shikoku, cikin lardin Tokushima, da shinkafa ta gagari mutanensa shekaru aru-aru, don kuwa babu shimfiɗaɗɗen filin da ruwa zai kwanta. Sunansa kwarin Iya, kuma saboda abin da suka koma ci a madadinta na je.

Daga Okayama na shiga jirgin ƙasa, muka haye teku ta kan gadar Seto Ohashi da aka buɗe a 1988, muka kutsa cikin duwatsu, ƙasa da awa 2 sai ga mu a tashar Oboke. Daga nan kuma sai bas. Hanyar ta manne a jikin dutse kamar za ta zame, a wurare da yawa mota ɗaya kawai take ɗauka, shi ya sa aka kakkafa madubai a kowace kwana don direba ya hango mai tahowa. Idan aka yi kiciɓis, ɗaya ya ja da baya har inda hanya ta ɗan buɗe, su sunkuyar wa juna kai, kowa ya wuce. Ban ji an danna oda ko sau ɗaya ba.

Abin da ke kawo yawancin baƙi shi ne Kazurabashi, gadar da aka saƙa da jijiyoyin wani tsiro mai yaɗo na daji. Tsawonta mita 45, tana lilo mita 14 a saman kogi, kuma duk bayan shekara 3 ake kwance ta a sake saƙa sabuwa. Ana cewa mayaƙan gidan Heike ne suka fara irinta bayan an ci su da yaƙi a 1185, suka gudo nan suka ɓuya, suka yi gadar da za su iya datsewa da sara ɗaya in abokan gaba sun biyo sawu. Labari ne na kaka da kakanni, amma ya dace da wurin. Na biya yen 550 na hau. Tsakanin katako da katako akwai giɓin da ƙafa za ta iya zurmawa, kana kallon ruwa ta ƙarƙashinka, gadar kuma sai rawa take yi. An ɓoye wayoyin ƙarfe a cikin saƙar, na san da haka, amma gwiwoyina ba su samu labari ba. Cikin 'yan mintuna an gama, ga ƙaton wurin ajiye motoci na siminti a gefe, ga masu ɗaukar hoto. In gadar kaɗai mutum ya gani ya juya, ni dai a wurina bai je Iya ba.

Iyar tana can gaba, a ƙauyen Ochiai. Daga tsallaken kwarin ake ganinsa sosai: gidaje da gonaki a jere a jikin dutse, wani bisa wani, tsakanin gidan ƙasa da na can ƙoli tazarar tsayi ta kai kusan mita 390. Wasu gidajen tun zamanin Edo suke, wato zamanin da ya ƙare a 1868, da jinkar ciyawa mai kauri, an tokare harabarsu da katangar duwatsu. Gwamnati ta sa ƙauyen cikin wuraren da ake kiyaye gininsu na gargajiya a 2005.

Gonakin ne suka tsayar da ni. Na zaci zan ga an sassare dutsen an yi masa matakala yadda ake yi wa gonakin shinkafa a wasu wurare. Ina! A kan gangarar ake noma yadda Allah ya yi ta, wani wurin karkatarta ta kai digiri 40. Na ga wani dattijo yana aiki, ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, yana riƙe da wani manjagara mai dogayen haƙora, yana kwaso ƙasar da ta gangaro yana mayar da ita sama. Wato duk shekara ruwa ya sauko da gonar, shi kuma ya mayar da ita. A gefe ga wasu tsibi-tsibin busasshiyar ciyawa masu tsini, an ɗaure su a jikin sanda. Da kaka ake yanko ta a tara, daga baya a daddatsa a shimfiɗa a gona, ta riƙe ƙasa, ta riƙe laima, ta ruɓe ta zama taki. Wannan dabara ce ta sa hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya noman yankin cikin muhimman gadon noma na duniya a 2018.

Abin da irin wannan gona ke iya bayarwa shi ne abin da ke cikin kwano. Na farko soba, wani tsiro mai fararen furanni da ƙwaya mai kusurwa uku, wanda ba ya ƙin ƙasa mai tsakuwa, kuma cikin wata 3 ko ƙasa da haka ya nuna. A birane, taliyar soba siririya ce, doguwa, an haɗa ta da garin alkama don ta yi danƙo. Ta Iya gajera ce, mai kauri, kusan babu haɗi, tana kakkaryewa tun kafin ka kai ta baki. A wani gida da wata dattijuwa ke dafa wa baƙi na ci ta, cikin romo mai zafi na busasshen kifi, da yankakken ganyen albasa a sama. Ita ta niƙa garin a dutsen niƙa, ta kuma sa ni na gwada juya shi. Sai dariya take yi ganin yadda nake sauri, ta kama hannuna ta rage masa gudu, wai in dutse ya yi zafi ƙamshin garin tafiya yake yi. Ɗanɗanon na da ɗan ɗaci-ɗaci da ƙamshin ƙasa, ba irin abincin da ke burge ka a loma ta farko ba ne. A ta biyar ka fara gane shi.

Wanda ya fi kwanta min a rai shi ne sobagome. Ba a niƙa ƙwayar. A tafasa ta, a shanya, a cire ɓawon, sannan a dafa ta cikin romo da laimar kwaɗi irin wadda ake ci, da karas, da su saiwoyi. Mutanen da ba su da shinkafa ne suka mayar da soba shinkafarsu. Da sanyin safiyar dutse, kwano ɗaya ya isa ya riƙe ka har azahar.

Sai dekomawashi, wanda za ka gan shi a bakin hanya an kakkafa tsinkayensa kewaye da garwashi. A kowane tsinke akwai ƙaramin dankalin turawa na yankin, mai ƙarfin da ba ya farfashewa a wuta, da awara, da konnyaku, wani abu mai santsi da tauri-tauri da ake yi da garin wata saiwa. Awarar tasu kuwa sai wanda ya gani: tana da taurin da a da ake ɗaure ta da igiya a rataya a tafi da ita gida. Ana shafe tsinken da miso, wato waken suya da aka tsima da gishiri, ɗan'uwan daddawa ne in ka bi ta hanci, sai a yi ta juyawa har ya fara ƙonewa a gefe-gefe. Ka ci da zafinsa ya ƙona maka leɓe, ka jira ya huce daɗin ya ragu. Na zaɓi ƙunar. A jikin garwashin kuma akwai kifin kogi, ayu da amego, an soke su a tsinke an barbaɗe da gishiri, babu wani ƙari.

Ga ɗan'uwa Musulmi, abincin Iya ya fi na birane sauƙi, tunda yawancinsa tsiro ne da kifi. Sai dai a yi tambaya. Sukan zuba mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi ta girki, a cikin romo da cikin haɗin miso, kuma su ba sa lissafa ta a giya, don haka sai ka ambaci sunanta. Akan sa kaza a sobagome, sannan naman aladen daji da na barewa na yawo a wasu gidajen abinci, saboda dabbobin sun yi yawa suna ɓarna a gonaki. Da na nuna wa dattijuwar tambayata a waya, ta karanta, ta shiga madafa ta kwaso kwalabenta duka ta jera min, ta ware guda ta ajiye can nesa. Na ce mata, "Kaka, na gode," da ɗan Japanancin da na haddace, ta ce in zauna in daina tashi tsaye.

Can gaba a hanyar tsaunin Tsurugi, mai tsayin mita 1,955, akwai ƙauyen Nagoro. Wata mata 'yar garin, Tsukimi Ayano, ta dawo daga Osaka, ta ɗinka mutum-mutumi mai kama da mahaifinta don korar tsuntsaye daga gona. Daga nan ta ci gaba da ɗinka na maƙwabtan da suka rasu ko suka ƙaura. Yau sun haura 300, mazauna garin kuwa ba su kai 30 ba. Makarantar firamaren an rufe ta a 2012, yanzu ɗaliban tsumma ne zaune a kan kujeru. Masu yawon buɗe ido na ɗaukar abin da raha, ni kam bai ba ni dariya ba, domin na riga na ga shekarun masu mayar da ƙasa sama a Ochiai, ban kuma ga saurayi ko ɗaya riƙe da manjagara ba. Taliyar da na ci ba a kanti take farawa ba, a wannan gangarar take farawa.

Mai niyyar zuwa ya riƙe tsabar kuɗi a aljihu, don ƙananan gidajen abinci da yawa ba ruwansu da kati, kuma da rana ta karkata suke rufewa. Bas mai shiga can ciki 'yan sawu kaɗan yake yi a wuni, in ya wuce ka sai gobe, da hunturu kuma ƙanƙara na toshe hanyoyin sama. Lokacin kaka ya fi, sa'ad da soba ke fure ko ake girbinta. In kuma dattijuwa ta miƙo maka dutsen niƙa, ka juya a hankali.