Na sha man kifi saboda ciwon fata, ga yadda ta kaya

Soriyasis ke damuna, kuma na yi watanni ina haɗiyar ƙwayar man kifi da niyyar ya sassauta. Tun da na ambaci haka a majalisarmu ta Agege ake tare ni da tambaya, shi ya sa na ga gara in faɗa gaba ɗaya kowa ya ji.

Ciwon ba kyasbi ba ne, ba makero ba ne, kuma ba a ɗaukarsa. Garkuwar jiki ce ke rikicewa ta riƙa ingiza fata. Fatar da kan ɗauki kusan wata guda kafin ta sabunta sai ta fito cikin 'yan kwanaki, ta taru ta yi kauri, ta yi ɓawo fari-fari mai zuba. A jikin Bature ja yake fitowa, a namu kuwa baƙi-baƙi ko ruwan toka, shi ya sa ake yawan ɗaukarsa wani ciwon daban. Nawa yana gwiwar hannu da ƙauri da ƙeya. Ranar da mai askina ya fara ganin ƙeyar, tsayawa ya yi da inji a hannu ya ce, "Baba, wannan ba ya kama mutum ko?" Na ce ba ya kamawa. Ya ce to madalla, amma ina hangensa ta madubi yana ta kwarara wa injin sifirit. Ban ga laifinsa ba.

Wani abokin ciniki ne ya kawo mini maganar man kifi, kuma ba shaci-faɗi ya yi ba. A cikin man akwai kitsen da ake kira omega-3, iri biyu, EPA da DHA, masu rage kumburi a jiki, shi kuwa soriyasis ciwon kumburi ne. Na shiga kemis na sayi kwalba mai lambar NAFDAC na fara.

Likitar fata da nake gani ce ta sa na juya kwalbar. A gaba an rubuta 1000 da manyan lambobi, wato nauyin kowace ƙwaya a miligiram. A baya, cikin ƙananan rubutun da sai na sa tabarau, EPA miligiram 180, DHA 120. Ke nan abin da na sayi kwalbar dominsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na ƙwayar ba. Ta ce, "Alhaji, ƙwaya nawa kake sha?" Na ce ɗaya da safe. Sai ta ba ni labarin gwajin da aka yi a Ingila a 1988, inda aka ga ƙaiƙayi ya ragu: ƙwaya goma ake ba kowa a rana, kuma mutum 28 ne kacal. A 1993 aka yi wanda ya fi shi girma a Norway, mutum 145, wata huɗu, wasu na shan man kifi wasu man masara, aka tashi babu wani bambanci na a zo a gani. A 2018 kuma likitocin gidauniyar soriyasis ta Amurka suka tattara binciken da aka yi, ba su ba da shawarar shan sa a matsayin magani ba. Ba ta hana ni ba. Ta dai ce kada in ajiye man shafawata saboda shi.

Na ƙara yawan ƙwayar da izninta, sai ga gyatsa. Wanda bai taɓa yin gyatsa mai ƙarnin kifi a cikin danfo, motar hayar Legas, ana tsaye cak a cunkoson Oshodi ba, ba zai gane ba. Cikina ma ya ɗan saki da farko. Sha a tsakiyar cin abinci ya rage duka biyun. Sai matsalar zafi: man kifi na lalacewa, kuma wata kwalba da na taɓa saya na tarar ƙwayoyin sun manne da juna. Na fasa ɗaya da allura, warin da ya bugi hancina na ruɓaɓɓen kifi ne, na zubar. Ana cewa a sa a firji, to firjin da wace wutar?

Shin ya yi aiki? Fatar ta yi laushi, susa ta ragu, har na fara yi wa mutane talla. Amma lokacin damina ne, kuma damshin Legas dama yakan lallashi fatata ko ban sha komai ba. Da hunturu ya leƙo a Disamba, duk da na nan bai kai rabin na Kano ba, ɓawon ya dawo wurinsa alhali ina kan sha. A nan na daina ba man kifi ladan da ba nasa ba. Abin da ke kwantar mini da shi a zahiri man da likita ta rubuta ne, mai haɗin sitiroid da bitamin D, da sabulun kwalta na wanke kai, da man kaɗanya da nake laftawa jiki na da ɗan danshi bayan wanka. Su kuwa mayukan nan masu "aiki uku" da ake miƙo wa kowa a kemis, sukan share fata cikin mako, sannan su siranta ta, ciwon ya dawo da fushi in an daina.

Mai niyyar gwadawa ya san cewa man kifi daban, man hantar kifi daban. Na hanta cike yake da bitamin A, wanda yawansa ke cutarwa, don haka ba a shan sa da yawa. Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin ko asfirin ya fara tambayar likita. Mu da zazzaɓin cizon sauro ba ya barinmu kuma, kulorokwin na iya tayar da soriyasis, a gaya wa mai ba da magani tun kafin ya ƙulla. Idan yatsu ko gwiwa suka fara kumburi da sanƙarewa da safe, ciwon ne ke neman gaɓoɓi, wannan aikin asibiti ne.

Yanzu na bar sayen kwalba. Kuɗin nake ba uwargida ta sayo kifin titus da shawa, masu wannan kitsen da yawa, sau biyu a mako, a miya ko a gashe. Fatar na nan yadda take, ta kwanta ta tashi, amma kifin ni da yara muke ci.