Bauran: Sana'ar Fatar Akuya a Garin Listowel

Duk wanda ya leƙo shagona karon farko, hancinsa ne yake fara gaisawa da aikin kafin idonsa. Warin ɗanyar fata ne da ruwan farar ƙasa, sai ɗan ƙamshin man kaɗanya a bayansu. Wasu su toshe hanci, wasu kuma, musamman tsofaffi, su ja numfashi su ce ai haka ɗakin ajiyar kakansu yake wari. Ganga nake haɗawa, irin ta mutanen Ailan, wadda suke rubutawa bodhrán amma a baki ka ji sun ce bauran. Fuska ɗaya gare ta, kamar rariya mai zurfi da aka rufe da fata. Mai kiɗa yakan kafa ta a cinya, ya cusa hannun hagu ta ciki yana danna fatar, hannun dama kuma yana wasa da ɗan guntun sanda mai kai biyu. Shagon yana Listowel, ƙaramin gari a arewacin yankin Kerry na ƙasar Ailan, bakin kogin Feale, mutanensa ba su wuce dubu biyar ba.

Gidanmu a Kano gidan majema ne. Tun ban kai in ɗauki tulu ba nake juya fatu a rami, na san bagaruwa, na san toka, na san fatar jar akuyar Sakkwato ko da ido rufe. Da na zo ƙasar nan a 2000 aikin masana'anta nake yi, kuma na ɗauka ni da fata mun yi sallama ke nan. Sai ga watan Agustan 2001, garin ya karɓi baƙuncin babban bikin kiɗan gargajiya na ƙasa baki ɗaya, wanda suke kira Fleadh. Ban taɓa ganin ɗan gari ya haɗiye jama'a haka ba. Bakin kowace ƙofa masu goge ne da masu sarewa da masu akodiyon, wasu a kan akwatin lemo, wasu a dandamalin taga. Na tsaya kusa da wani dattijo mai hular hana-salla yana kaɗa bauran, da ya huta na roƙi ya ba ni in gani. Na ɗaga ta ga haske, na shafa da yatsa, bakina da bai iya shiru ba ya ce wanda ya kankare fatar nan ya bar kauri a ɓangaren wuya. Ashe shi ya haɗa ta da hannunsa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce: "To, yaro, tunda ka iya, ka zo ran Asabar ka nuna mini."

Shekara shida na yi ina zuwa wannan Asabar ɗin.

Ranar farko na tambaye shi inda yake jiƙa bagaruwarsa, ko abin da suke amfani da shi a madadinta. Ya yi dariya har da tari. Fatar ganga ba a jeme ta, abin da na sani sarai daga masu kalangu a gida amma girman kai ya mantar da ni. Jima tana kashe muryar fata, ta mai da ita ta takalmi da jaka. Tamu ɗanya ake so. A wanke ta, a tsoma a ruwan farar ƙasa kwana tara ko goma ana juyawa kullum, har gashin ya riƙa biyo yatsa. Ka cire da wuri gashi ya ƙi fita, ka yi sakaci ta wuce lokaci fatar ta ƙone ta yi rauni, kuma babu agogon da zai gaya maka, sai hannu. Daga nan a shimfiɗa a kan gungume a kankare gashi da ragowar nama, a yi ta ɗauraye ta har farar ƙasar ta fita tas, sannan a ɗaure a katako ta bushe a inuwa. A ƙasar da rana ba ta da alkawari, wannan bushewar ita ce jarrabawar haƙuri. Mai gaggawa ya kai ta bakin wuta, ta bushe ta sama ta bar danshi a ciki, bayan wata uku ta fara wari ko ta tsage.

Inda na fi maigidana, kuma shi da kansa ya yarda, shi ne wajen rage kauri. Fatar akuya ba ɗaya take ba: bin ƙashin baya da wuya akwai kauri, wajen ciki kuma sirara ce kamar takarda. Ni sai na daidaita ta daga gefe zuwa gefe, ina kankara ina ɗagawa ga fitila, kuma layin gadon bayan dole ya ratsa tsakiyar gangar sak, in ba haka ba gefe ɗaya zai riƙa ja fiye da ɗaya. Fatar tsohon bunsuru ƙara gare ta kamar an bugi ƙofa, wasu masu kiɗan titi suna so. Amma mai zaman ɗaki da masu goge, fatar akuya mace 'yar shekara biyu zuwa uku nake ba shi. Bayan an ɗaura, sai in yi kwanaki ina murza man kaɗanya kaɗan-kaɗan da tafin hannu. Wannan daga gida na zo da shi, maigida kitsen sirdi yake shafawa, kuma har ya rasu bai daina cewa gangunana suna ƙamshin abinci ba.

Yawancin abin da na sani na tsohon kiɗan garin nan a bakin gungumen kankara na ji shi. Maigida ya ce a ƙuruciyarsa bauran ba kayan kiɗa ba ce a idon mutane. Sau ɗaya take fitowa a shekara, ran 26 ga Disamba, washegarin Kirsimeti, lokacin da samari ke sa rigunan ciyawa da tsummoki, su shafe fuska, su bi gida-gida da kiɗa da rawa suna karɓar kuɗi da sunan wani ɗan tsuntsu. Da ya fara ba ni labarin na ce ai wannan tashe ne, mu a azumi muke namu. Kuɗin da aka tara da shi ake haɗa rawar dare a gidan wani manomi, a kwana ana yi, abin da limaman cocin wancan zamani suka tsana. Tun 1935 gwamnati ta yi dokar da ta hana rawar jama'a sai a ɗakin da ke da lasisi, wannan kuwa ya karya rawar cikin gida a ƙauyuka da dama. Bayan bikin sai a rataye gangar a saman murhu, hayaƙi ya yi ta dukanta har wata shekarar. In za a kaɗa, a kara ta a wuta ta ɗaure, don danshin ƙasar nan yana saki fata kamar tsumma.

Abin ya fara canjawa a 1959, da John B. Keane, marubucin garin nan mai mashaya a titin William, ya fito da wasan kwaikwayonsa Sive, wanda 'yan wasan Listowel suka fara nunawa. Akwai mai kaɗa bauran a ciki, wasan kuma ya zagaya ƙasar har Dablin, mutanen birni suka ji sautin da ba su sani ba. Ba da jimawa ba shahararren mai tsara kiɗa Seán Ó Riada ya sa ta cikin ƙungiyar makaɗansa, aka fara jin ta a rediyo. Maigida yakan ce dare ɗaya abin da ake ɓoyewa a ɗakin shanu ya zama abin nema.

Amma kada a ɗauka kowa a garin gargajiya yake so. Matasan shekarun 1960 hankalinsu yana kan manyan ƙungiyoyin nan masu kwat iri ɗaya da kakaki da jita, masu kwaikwayon waƙoƙin Amurka da Ingila. Ran Lahadi da dare a hau keke ko a cika mota a nufi ɗakunan rawa, da rani kuwa har Ballybunion a bakin teku. Maza a bango ɗaya, mata a ɗaya, ba a sayar da giya sai lemo da shayi, a rufe da taken ƙasa. In azumin Kirista ya kama a rufe ɗakunan gaba ɗaya, makaɗan su tsallaka Ingila neman na abinci. A irin wannan rawar maigida ya haɗu da matarsa, kuma ita ce ta gaya mini wai sai da suka yi wata shida tare kafin ya yarda ya faɗa mata yana haɗa gangar akuya, don kunya. Da garin ya fara karɓar Fleadh a 1970, kunyar ta ƙare. Bikin ya sake dawowa sau da yawa a shekarun 1970 da 1980, na ƙarshe a 2002. A 1974 kuma aka buɗe gidan koyar da rawa da waƙar gargajiya a Finuge, nan kusa da mu, ƙarƙashin Siamsa Tíre, ƙungiyar wasannin gargajiya ta limamin coci Fada Pat Ahern, don kada takun rawar tsofaffin arewacin Kerry ya bi su kabari.

Ni na riski wutsiyar wannan zamani. Zaman kiɗa a lungun mashaya, ba dandamali, ba lasifika, ba wanda ya sanar. Mai goge ya ɗauko waƙa, wanda ya san ta ya bi. Nakan zauna da kofin shayina, sun saba har sun daina tambaya. Hayaƙin taba kuwa sai ka yanka da wuƙa, har aka hana shan ta a wuraren aiki a watan Maris na 2004. Yau in aka kawo mini tsohuwar ganga gyara, daga launinta nake gane wadda ta yi zaman mashaya kafin dokar: ja-ja take, kamar an shafa mata goro. A zaman nan na koyi ladabin sana'ata. Bauran ɗaya ta isa zama ɗaya, kuma ƙarƙashin waƙa take tafiya, ba ta hawa kanta. Masu goge suna da ba'ar da suke wa masu ita, wai abin da ya fi dacewa a kaɗa ta da shi shi ne wuƙa. Ban taɓa jin haushi ba, don na san irin gangar da ta jawo mana wannan zagi.

Ita ce ta kantunan 'yan yawon buɗe ido. Ana lodo su a kwantena daga masana'antun Asiya, fata busasshiya ƙamas kamar kwali, an buga mata zanen kore da hoton molon ƙasar, katakon da ɗanyen manne. Ka buga ta ce kwas kamar murfin tukunya. Ado ce ta bango, ban hana kowa ratayewa ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne uwa ta saya wa ɗanta, yaro ya je aji da ita, malami ya yi ta fama, yaro ya yanke cewa shi ne bai iya ba. Sau nawa ana kawo mini irinsu wai in gyara. Me zan gyara? Wasu ma har suna manna takarda cewa aikin hannu ne na Ailan, alhali zanen kawai aka yi a nan.

Masu kawo fata su ma suna da nasu. Manomi ya yi maka alkawarin fata shida a watan Nuwamba, ka ji shiru har Fabrairu, in ta zo uku duk sharɓar wuƙa a gadon baya, don wanda ya feɗe sauri yake. A Kano yaron mahauci da ya huda fata haka sai ya sha rankwashi. Yanzu da kaina nake zuwa in feɗe, ko da tafiyar awa biyu ce. Katako ma ya zama abin nema tun da wata cuta ta shiga itatuwan da suke kira ash a 2012, itacen da ake lanƙwasawa da tururi a yi da'irar, shi ne kuma ake sassaƙa sandar wasan ƙwallonsu na gargajiya da shi. Abin da ya rage mini na tsohon ajiya sai wanda na ga da gaske yake nake yanka wa.

Gangunan yanzu sun sha bamban da na maigida. Nasa faɗin inci 18 ne, marasa zurfi, da sanduna biyu a gicciye ta ciki. Matasa sun fi son inci 14 ko 15 mai zurfi, da kusoshin ɗaurewa a ciki, ka ƙara ko ka sassauta ba sai ka nemi wuta ba, da baƙin tef a gefen fata don kashe amo. Duka ina yi, kuma kowace sai ta yi mako biyu a hannuna ina kaɗawa kafin ta fita. In sautin bai sauka ƙasa ya yi gurnani ba yayin da na saki hannun hagu, in cire fatar in sake. Masu saye kuwa, wanda ya ce Bature ba ya ciniki bai haɗu da manomin Kerry ba. Zai juya gangar, ya ƙwanƙwasa, ya ce ta maƙwabcinsa ta fi, ya kai bakin ƙofa sau biyu. Ba na ragi. Sai dai in an gama nakan mayar masa da ɗan tsaba a tafin hannu, kuɗin sa'a da suke bayarwa a kasuwar shanu, mu gyara muke cewa. Wannan kaɗai yakan sa ya fita yana murmushi kamar shi ya ci.

A makon sukuwar dawaki na watan Satumba har yanzu ana gasar masu rigar ciyawar nan a dandalin garin, nakan tsaya daga baya ina ƙirga nawa ne aikina a hannun mutane. Bana bayan gasar wata tsohuwa ta shigo da ganga a nannaɗe cikin bargo, ta mahaifinta ce, baƙa wuluk da hayaƙin murhu, da 'yan faya-fayan ƙarfe a gefe masu kacau-kacau irin na dā. Fatar ta tsage daga tsakiya. Jikanta take so ya fita da ita ran 26 ga Disamba. Katakon ban taɓa shi ba sai gogewa, tsofaffin ƙusoshin tagullar na cire su ɗaya-ɗaya na zuba a gwangwani don su zan mayar. Fatar bunsuru na zaɓar mata, tunda a titi za a kaɗa, yau kwananta bakwai a ruwan farar ƙasa, gashin wuyan bai fara saki ba tukuna.